Zaɓen Kan Harsashi Don Farautar Mus: Jagora Ga Mai Ɗuri Da Hannunsa

A duk dangin barewa da suka rage a duniya babu wanda ya kai mus (moose a Turanci) girma. Mazauninsa dazukan sanyi ne na Alaska, Kanada, arewacin Amurka, Suwidin, Norwe, Finlan da Rasha. Bijimin Alaska da Yukon yakan kai kilo 550 zuwa 700, tsayinsa a tozo wajen mita biyu, ya fi ingarman doki nesa ba kusa ba. Na Sikandinebiya bai kai haka ba, amma can ma babban namiji yakan haura kilo 400. Duk da wannan jiki, tsofaffin maharba sun yarda cewa mus ba shi da taurin rai. In aka huda huhunsa biyu ba ya nisa zai faɗi. Aikin yana wajen isa huhun. Sai harsashi ya keta gashi mai kauri, wani lokaci jiƙe ko shafe da taɓo, ya keta fata da tarin tsoka, in an yi rashin sa'a ya haɗu da ƙashin kafaɗa. Kan harsashin da ya wargaje a wannan hanya ya bar maka dabba mai rauni a cikin daji, ko da a filin gwaji yana shiga rami ɗaya.

Wannan jagora na wanda yake zaune ne a ƙasar da ta ba shi lasisin bindiga, ta kuma yarda ya ɗura wa kansa harsashi. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba tare da lasisi ba. Kuma ba za ka ga awon albarushi ko ɗaya a nan ba. Awo yana cikin littafin ɗuri na kamfanin da ya yi albarushin ko kan harsashin, inda aka gwada shi da na'urar auna matsi. Kada ka karɓe shi daga bakin aboki.

Harsashi guda yana da sassa huɗu: kwanson tagulla, firaima wadda ke tayar da wuta a gindin kwanso, albarushi, sai kan da ke fita ya sami dabba. Maganarmu a kan na ƙarshen nan take. Nauyinsa da giren ake faɗa, giren 15.4 shi ne gram ɗaya.

Mataki na farko: karanta dokar wurin

A Suwidin, Norwe da Finlan doka ta tilasta amfani da kan da ke bajewa in ya shiga nama, ta hana irin na soja mai rufaffen baki. Ta kuma sa iyakar nauyi da ta ƙarfin bugu. Tsohuwar ƙa'idar da Suwidin ta daɗe a kanta ita ce kan gram 9 mai bugun joule 2,700 a nisan mita 100, ko kan gram 10 mai joule 2,000. Ƙasashen uku sun gyara alƙalumansu a 'yan shekarun nan don buɗe wa kan da ba shi da darma hanya, saboda haka nemi dokar bana kafin ka sayi komai. A Kanada da Amurka kowane lardi da kowace jiha da tasu.

Mai ɗurin hannu shi zai yi wa kansa wannan lissafi, domin babu kwalin kamfani da zai nuna. Ka ninka gudun harsashi da wannan gudun, ka ninka da nauyin kan a kilo, ka raba biyu. Kan gram 10.1 da ke gudun mita 700 a daƙiƙa a nisan mita 100 yana ba da joule kusan 2,470. Shi kuwa kan gram 9.1, kafin ya kai 2,700 sai yana gudun mita 770 a wannan nisa, abin da ke wahalar da bindiga 6.5x55 (irin wannan lamba tana nuna girman harsashin da bindiga ke ci). Wannan na cikin dalilan da suka sa kan giren 156, wato gram 10.1, ya zama ruwan dare a hannun maharban Suwidin.

Mataki na biyu: a wane nisa za ka yi harbi?

Mutane da yawa suna tsallake wannan tambaya, alhali ita ce ke warware sauran. Kowane kan harsashi yana da iyakar gudu biyu. In ya sami nama da gudun da ya yi masa yawa, ya farfashe. In ya same shi da gudun da ya yi kaɗan, ya ƙi buɗewa, ya ratsa da siririn rami. Gudun da zai sami dabba da shi ne abin dubawa, ba wanda ya bar bakin bindiga da shi ba.

A Sikandinebiya farautar da kare ake yi, kare ya tsare mus yana haushi maharbi ya lallaɓo, ko kuma a zauna a mashiga ana jiran wanda aka koro. Yawancin harbi bai kai mita 100 ba, kuma sau da yawa dabbar tana tafiya. A Kanada da Alaska, lokacin barbara a watan Satumba zuwa farkon Oktoba, ana kiran bijimi da kwaikwayon kukan mace, yakan fito kusa sosai cikin duhuwa. Amma a rana guda za ka iya hango shi a ƙetaren fadama ko tafki a mita 300.

Ɗauki takarda ka rubuta lamba biyu: harbi mafi kusa da zai iya zuwa maka, da mafi nisa da ka yarda wa kanka. Sai ka duba gudun harsashinka a kowanne. Bindiga .300 Winchester Magnum da kan giren 180 tana fita da wajen mita 900 a daƙiƙa, a mita 30 kusan duk gudun yana nan, kuma kai mai laushi da ya bugi ƙashin kafaɗa a haka yana cikin haɗari. Ita kuwa .308 Winchester da kan giren 180 tana fita da wajen 790, kafin mita 350 ta sauko kusa da 600. Damuwar mai magnum, wato bindiga mai harsashi mai gudu sosai, tana kusa, damuwar mai .308 tana nesa.

Mataki na uku: nauyi

Ga mus, ka ɗauki kai mai nauyi a cikin abin da bindigarka ke ci. Akwai lamba da ke nuna nauyin kai gwargwadon kaurinsa, littattafan ɗuri suna rubuta ta SD. Idan ƙira ɗaya ce, wanda lambarsa ta fi girma ya fi nutsewa. Ga kan darma, ni daga 0.270 nake farawa.

A bindigogi masu kauri .30, giren 180 yana da 0.271, giren 200 yana da 0.301. A 7mm, giren 160 yana da 0.283, 175 kuma 0.310. A .270, giren 150 yana da 0.279. A .338, giren 225 yana da 0.281, 250 kuma 0.313. Giren 286 na 9.3x62, harsashin da Otto Bock ya ƙirƙiro a Balin wajen 1905, yana da 0.305. Dubi kuma ɗan siririn 6.5 mai giren 156: 0.320, ya wuce dukkansu. Harsashin 6.5x55 tun 1894 yake, gudunsa matsakaici ne, dukansa a kafaɗa kaɗan, amma da shi da .30-06 da .308 aka yi yawancin aikin a Suwidin, ƙasar da aka harbi mus fiye da 170,000 a shekarar 1982 kaɗai. Dogon kai mai nauyi a gudun da bai wuce kima ba, shi ya yi wannan aiki.

Mataki na huɗu: ƙirar kan

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, domin kai biyu masu nauyi ɗaya da kama ɗaya a ido suna iya yin aiki daban a cikin nama.

Na farko shi ne kan gargajiya: darma a ciki, rigar jan ƙarfe a waje, ba a manne su ba. Remington Core-Lokt da ya fito a 1939, Hornady InterLock, Lapua Mega da Norma Alaska duk 'yan wannan gida ne, kowanne da dabararsa ta riƙe darmar. Suna da arha, suna buɗewa ba gardama, kuma sun ciyar da gidaje da yawa da naman mus. Rauninsu shi ne darma na iya rabuwa da rigarta in gudu ya yi yawa aka haɗu da ƙashi. A .308, .30-06, 6.5x55 da 9.3x62, da kai mai nauyi, ban ga laifinsu ba. A magnum kuwa ba na ba da shawararsu.

Na biyu shi ne mai katanga a tsakiya, kuma farautar mus ce ta haife shi. A 1946 John Nosler yana farauta a Birtish Kolombiya da bindiga .300 H&H, ya harbi bijimin da taɓo ya lulluɓe wa kafaɗa, harsasansa suka ƙi nutsewa yadda ya kamata. Ya koma gida ya ƙera kan da aka raba cikinsa ɗaki biyu da katangar ƙarfe, ya fara sayar da shi a 1948 da sunan Partition. Ɗakin gaba mai laushi ne, yana bajewa ko a gudun mita 550 a daƙiƙa, sau da yawa ma ya zube gaba ɗaya. Ɗakin baya katanga ta tsare shi, shi ke ci gaba da nutsewa, yawanci da wajen kashi biyu cikin uku na nauyin. In mutum ya ce mini bai san nisan da zai yi harbi ba, wannan nake nuna masa, domin yana aiki a kusa da nesa. Swift A-Frame ya ɗauki wannan ƙira ya ƙara manne darmar gaba, ya fi tauri, ya fi dacewa da magnum da kuma dajin da ake iya karo da beyar girizili a kan gawar mus.

Na uku shi ne mannanne, wanda aka narka darmarsa ta kama rigar. Norma Oryx, Nosler AccuBond, Woodleigh Weldcore da Trophy Bonded na Federal suna cikin wannan layi. Suna riƙe nauyi da kyau, sau da yawa kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Sai dai a lura da abu guda da ba a cika faɗa ba: wanda ya baje da faɗi sosai, faɗin nan birki ne. Oryx yana yin rauni mai faɗi, amma sau da yawa a ƙarƙashin fatar ɗaya gefen ake tsintarsa. AccuBond mai tsinin roba ya fi riƙe gudu a nesa.

Na huɗu shi ne jan ƙarfe, zalla ko gauraye da ɗan wani ƙarfe, babu darma. Barnes ya fito da X a 1989, sannan TSX mai tsagi a jiki a 2003, daga baya TTSX mai tsinin roba. Akwai Lapua Naturalis, Hornady CX da Nosler E-Tip. Kusan duk nauyinsu suke riƙewa, suna karya ƙashi, kuma galibi suna fita ta ɗaya gefen. Ramin fita yana da amfani a kan mus, saboda gashinsa yana shanye jini, in rami ɗaya ne bin sawu yana wuya. Abin da suke nema a madadin haka shi ne gudu. Kamfanoni suna faɗin iyakar ƙasa, amma ni ba na son kan jan ƙarfe ya sami dabba ƙasa da mita 600 a daƙiƙa, domin a ƙasa da haka bakinsa kaɗai yake ɗan buɗewa. Tunda jan ƙarfe bai kai darma nauyi ba, sai a sauko mataki ɗaya: mai harba 180 na darma a .30-06 ya ɗauki 165 ko 168 na jan ƙarfe, mai .308 ya ɗauki 150 zuwa 165. Lambar SD ba ta ɗaure su kamar na darma, tunda ba sa zubar da nauyi a hanya.

Abin da zan hana kai tsaye shi ne kan gasar saiti da kan da aka yi wa ƙananan dabbobi. Kamfanin Sierra da kansa ba ya ba da shawarar MatchKing don yawancin farauta. Kyan saitinsu yana rinjayar mutane, amma rigarsu siririya ce, ba a ƙera su don su buɗe iri ɗaya kullum ba. Dabba mai rai ba wurin gwada sa'a ba ce.

Mataki na biyar: bindigarka ta yarda da shi?

Murɗi shi ne tsagin da ke cikin bututun bindiga wanda ke juya kai idan an harba, kuma tsawon kai ne ke neman sa, ba nauyinsa ba. Yawancin .30-06 suna da murɗin zagaye ɗaya a inci 10, wanda ke riƙe har giren 220 na darma. Wasu .308 kuwa ɗaya a inci 12 ne, dogon kan jan ƙarfe mai giren 180 na iya yin tangaɗi a cikinsu. Alamarsa rami mai tsawo a takarda maimakon zagayayye. Auna naka da sandar goge bututu: sa alama, tura a hankali, ka ga inci nawa ta shiga kafin ta juya sau ɗaya.

Duba gidan harsasai kuma. Dogon kai da aka tura ciki don ya shiga gidan yana cinye wurin albarushi.

Mataki na shida: gina ɗurin

Nemi alƙaluman da aka gwada da ainihin kan da ka saya. Kan jan ƙarfe ko mai katanga ba ya ba da matsi ɗaya da na gargajiya mai nauyi ɗaya, don haka duk lokacin da ka canza kai, ko kwanso, ko firaima, ko gwangwanin albarushi, ka koma awon farko na littafi. Ka hau a hankali, rabin giren rabin giren, kana harba uku uku ta gaban na'urar auna gudu. In sakata ta yi nauyin ɗagawa, ko ka ga tabo mai sheƙi a gindin kwanso, ko firaima ta baje ko ta yi sako-sako, ka riga ka wuce gona da iri, tsaya ka sauko. In gudunka ya haura na littafi, matsinka ma ya haura, ko da kwanso bai nuna komai ba. Mai tsohuwar bindigar soja, irin Krag ta Norwe ko Mauser 96 ta Suwidin, ya bi alƙaluman da aka ware wa irinsu.

Kada ka matsa kan harsashin farauta ya taɓa farkon murɗi. In ka cire shi ba ka harba ba, kan na iya maƙalewa a bututu albarushi ya zube cikin bindiga, a tsakiyar daji. Barnes suna ba da shawarar a fara da tazarar inci 0.050, wato milimita 1.3, ga kawunansu na jan ƙarfe.

Sanyi ma yana da nasa hukunci. Albarushi yana rage ƙarfi in ya yi sanyi, wasu iri fiye da wasu, shi ya sa ake son irin su Varget da H4350 na Hodgdon da aka yi don jure canjin yanayi. Wanda ya gina ɗuri a zafin Yuli ya sake duba saitinsa a sanyin Oktoba. Juyin haka ya fi haɗari: ɗurin da ya kai ƙololuwa a hunturu na iya wuce iyaka a rani.

Game da saiti, kada ka wahalar da kanka. Huhu da zuciyar babban mus sun kai faɗin santimita 40. A jarrabawar harbi ta Finlan, harsashi huɗu ake so su shiga da'irar santimita 23 a mita 75. A ta Norwe, biyar a da'irar santimita 30 a mita 100, kowace shekara. Ɗurin da ke tara harsashi biyar a cikin santimita 4 ko 5 a mita 100 ya ishe ka har mita 300. In kai mai tauri ya ba ka santimita 4, mai laushi ya ba ka 2, ɗauki mai taurin.

Mataki na bakwai: harba shi cikin wani abu ka tono shi

Tara tsofaffin jaridu, ɗaure su sako-sako, jiƙa su kwana ɗaya, ka jera su tsawon mita ɗaya a filin harbin da ya yarda da haka. In ka sami ƙashin kafaɗar sa daga mahauci, sa shi bayan santimita 5 na farko. Harba ɗaya a mita 25, ɗaya a iyakar nisanka. Tono su, wanke, ɗora a sikelin albarushi, auna faɗinsu da zurfin da suka kai. Jarida ba nama ba ce, amma tana nuna bambanci tsakanin kai biyu a fili. Wanda ya rabu da rigarsa a kusa ya faɗi. Wanda ya fito a nesa da bakinsa a tsuke, ko ka canza shi, ko ka rage nisan da ka rubuta a mataki na biyu.

Mataki na takwas: harsasan tafiya

Yi amfani da kwanso sabo ko wanda aka harba sau ɗaya, ka matse shi tsawonsa duka domin ya shiga ba tare da tilas ba, ko da ƙanƙara ko datti ya ɗan shiga bindiga. Auna albarushin kowane ɗaya a sikeli, ka leƙa kowane kwanso da tocila kafin ka ɗora kai. A filin harbi, bakin bindiga yana fuskantar tudun kariya, ka bi da kowane harsashi daga gidan harsasai zuwa mazauninsa ka fitar. Wanda ya yi tauri, ajiye shi don atisaye. Ka bar biyu a gidan harsasai, ka harba wasu suna ciki, sannan ka auna tsawonsu: in dukan bindiga ya tura kan ciki, wuyan kwanso bai riƙe ba. Rubuta komai a jikin kwali.

Kan da ka zaɓa shi zai gaya maka harbin da ya halatta gare ka. In mus ya ba ka gefe, bi bayan ƙafar gaba ka hau kashi ɗaya cikin uku na jiki. Tozo yana yaudarar ido ya ja saiti sama, inda babu abin da ke kashewa da wuri. In ya karkato yana fuskantarka sai ta ƙashin kafaɗa, wannan harbin na mai katanga ne, ko mannanne, ko jan ƙarfe. Mai kan gargajiya ya jira ya juya. Ta baya kuwa, ta cikin tumbi mai cike da jiƙaƙƙen ganye, ba a fara harbi da kowane kai.

Mus da aka huda wa huhu yakan tsaya cik kamar ba a taɓa shi ba, ko ya taka a hankali. In yana tsaye, ƙara masa, musamman in ruwa yana kusa, domin fiɗar kilo 600 a cikin tafki mai sanyi aiki ne da ke lalata nama. Musulmi ya yi bisimilla lokacin jan kunama, in ya iske shi da sauran rai ya yanka, amma ya tunkare shi ta bayan wuya, domin ƙafar gabansa tana kisa.

Wajen fiɗa, in kan darma ka harba, ka sani ƙananan ɓarɓashi suna watsuwa fiye da inda ido ke gani. Hukumar abinci ta Suwidin ta ce a yanke duk naman da harsashi ya ɓata, a ƙara aƙalla santimita 10 na lafiyayyen nama a kewayensa a zubar, kada ya shiga injin niƙa. In gidanka akwai ƙananan yara ko mai juna biyu, wannan kaɗai ya isa dalilin komawa jan ƙarfe, muddin gudunsa a iyakar nisanka bai sauka ƙasa da 600 ba.